Shawara: Kafin ka sayi littafin tuƙin jirgi, ka san hukumar da za ta yi maka jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga cikin garin Katsina, na gama digiri a fannin kimiyya, kuma burina in zama matuƙin jirgin sama. Mahaifina ya amince zai ɗauki nauyin lasisin farko, amma ya ce sai baɗi kuɗin za su haɗu. Ina so in yi amfani da wannan lokaci in shirya wa rubutacciyar jarrabawa. Damuwata ita ce kayan karatu. Wani abokina ya turo mini littattafai sun fi ashirin ta WhatsApp, wasu na Amurka, wasu na Ingila, wasu na Afirka ta Kudu, kuma na ga suna saɓa wa juna. Wani ya ce in biya dala in sayi darussan bidiyo na Amurka. Wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, in haddace tambayoyin baya kawai. Har yanzu ban yanke ko Zariya zan je ko waje ba, kuma kuɗin da na ware ba su da yawa. Me zan saya, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya saka wa mahaifinka da alheri, Ya cika maka burinka.

Tushen damuwarka yana cikin abin da ka ambata a ƙarshe, wato ba ka yanke inda za ka je ba. Muddin haka ne, duk littafin da ka biya kuɗi ka saya, kifi ka saya a ruwa. Littattafan nan da ka ga suna saɓa wa juna kowanne gaskiya yake faɗa a ƙasarsa, domin an rubuta shi ne don jarrabawar wata hukuma ta musamman. Idan a Najeriya za ka yi, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ita ke ba da lasisi, kuma ƙa'idojinta suna cikin kundin da ake kira Nig.CARs, wanda aka sabunta a 2023. Kashi na biyu na kundin shi ne ya yi bayanin lasisin matuƙa. Yana shafin hukumar a intanet, kyauta. Shi za ka fara saukewa yau, ka karanta sashen lasisin matuƙi mai zaman kansa tun daga farko har ƙarshe, ko da Turancin doka ya yi maka nauyi. Idan Amurka ce, hukumarsu FAA tambaya 60 take yi a zama ɗaya, kashi 70 cikin ɗari ake ci, kuma sakamakon yana aiki ne wata 24 kafin ka yi gwajin tuƙi. Tsarin Turai ya raba jarrabawar fanni-fanni, kashi 75 ake nema a kowanne, kuma dole ka gama su duka cikin wata 18. Afirka ta Kudu ma 75 ne. Ka ga ko yadda za ka tsara karatunka ya dogara da wannan zaɓi.

Saboda haka ka zauna da mahaifinka ku tsayar da magana, ko da zaɓi biyu ne. Sai ka rubuta wa makarantar, ko Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ce, wadda aka kafa tun 1964, ko ta Ilorin, ko ta waje, ka tambaye su abu huɗu: manhajar karatun aji, littattafan da malamansu ke koyarwa da su tare da shekarar bugu, irin jirgin da za ka fara koyo da shi, da kuma ko kuɗin makaranta ya haɗa da littattafai da kayan lissafi. Wannan ta ƙarshen kaɗai tana iya hana ka sayen abu sau biyu. Daga Katsina zuwa Zariya tafiyar yini ce ka je ka dawo, kuma zuwa da kanka ka yi magana da ɗaliban da ke ciki ya fi duk abin da za a faɗa maka a waya.

Akwai abin da ya kamata ya riga littafi, kuma muna roƙonka kada ka tsallake shi: gwajin lafiya. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar takardar lafiya mai daraja ta biyu, wanda zai tuƙa jirgin haya kuwa sai mai daraja ta ɗaya. Tunda sana'a kake nufi, ka je wurin likitan da NCAA ta amince da shi ka nemi a auna ka da ma'aunin daraja ta ɗaya tun yanzu. Sanya tabarau ba ya hana mutum tuƙi idan yana gyara ganin yadda ake so, amma rashin bambance launuka, kamar ja da kore, yana iya taƙaita abin da za a ba ka izini, kuma mutane da yawa ba su san suna da shi ba sai a ɗakin likita. Gara ka sani kafin dattijo ya sayar da kadara. Ka kuma sani cewa lasisin farkon nan ba ya ba ka damar karɓar albashi a kan tuƙi. Mataki ne na farko, bayan an cika shekara 17 da kimanin awa 40 a sama bisa ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO.

Yanzu ga abin da za ka iya farawa da shi kafin a yanke shawara. Ma'aunin ICAO ya kasa ilimin gida tara: dokokin sama, sanin jikin jirgi da injinsa, ƙa'idojin tashi, yanayi, sanin hanya, ƙarfin jirgi da tsara tafiya da lodi, jikin ɗan Adam da iyakarsa, hanyoyin gudanar da aiki, sai magana ta rediyo. Mafi yawan wannan ilimi ba ya canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Yadda fiffike ke ɗaga jirgi, da dalilin da yake daina ɗagawa idan kusurwarsa da iska ta wuce misali, ɗaya ne a Katsina da Landan. A wannan ɓangare ba sai ka kashe ko sisi ba. FAA tana ba da littafinta mai suna Pilot's Handbook of Aeronautical Knowledge kyauta a shafinta, Turancinsa mai sauƙi ne, zane-zanensa kuma a fili suke. Ka sauke shi daga shafin hukumar kanta domin ka tabbata sabon bugu ne. Ka karanta surorin ƙa'idojin tashi, da injin, da na'urorin gaban matuƙi, da nauyi da daidaito, da lafiyar matuƙi. Surorin dokoki da rabe-raben sararin samaniya kuwa ka tsallake su, sai idan Amurka za ka.

Dalilin tsallakewar yana da muhimmanci. Ba'amurke yana saita nauyin iska a ma'aunin tsayi da inci, 29.92 ne ma'auninsa na asali, mu kuwa da hektofaskal muke aiki, 1013. Yana ba da nisan gani da mil irin na tudu, rahoton yanayinmu kuwa da mita yake zuwa. A Amurka sai an kai ƙafa 18,000 ake komawa ma'aunin asali, a nan kuwa tsayin ya yi ƙasa da haka nesa, kuma yana rubuce a kundin bayanan filayen jirage da hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ke fitarwa. Lambar da matuƙi mai tafiya da ido, wato mai dogaro da abin da yake gani a waje, ke sa wa na'urar da ke shaida jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama a Amurka 1200 ce, a Turai 7000. Wanda ya cusa waɗannan duka a kansa lokaci guda, ranar jarrabawa zai ga amsa biyu duk sun yi masa kama da daidai, domin ya taɓa karanta kowacce a wani littafi. Waɗanda ba sa canjawa su ne na gaggawa: 7700 ga hatsari, 7600 idan rediyo ta mutu, 7500 idan an yi fashin jirgi, da zangon rediyo 121.5. Littafin Afirka ta Kudu kuma yana da nasa tarkon. An rubuta shi ga wanda ke kudu da tsakiyar duniya, inda iska ke kewaya wurin da nauyinta ya yi ƙasa ta fuskar da hannun agogo ke bi, kuma kuskuren kamfas lokacin juyawa yake zuwa a juye. Mu arewa muke, iskar akasin haka take kewayawa a wurinmu.

Idan Najeriya ka zaɓa, kuma makarantar ba ta ba da nata littattafan ba, jerin littattafai guda na tsarin Ingila ko Turai, irin na Pooleys, ya fi kusa da ma'aunai da kalmomin da za ka tarar a nan. Jeri ɗaya muka ce. Ka bi marubuci ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sauran littattafan da ke wayarka ka tura su wata ma'ajiya, kada ka buɗe su sai idan wani bayani ya ƙi shiga kanka kana son jin sa da wani baki. Tsohon bugu ba laifi a ƙa'idojin tashi da injin da lissafin hanya, kana iya sayen na hannu daga ɗalibin da ya gama. A doka kuwa tsohon bugu haɗari ne, kuma ko sabon littafin Ingila ba zai maye maka kundin NCAA ba. Ko waje ka yi lasisinka, ranar da ka dawo za ka tuƙa jirgi mai rajistar 5N, wato ta Najeriya, dokar gida tana nan tana jiran ka.

Inda muke so ka kashe kuɗinka shi ne kayan hannu. Na farko faifan lissafin tafiya, wanda Amurkawa ke kira E6B, na Ingila kuma CRP-1. Na biyu rula mai ma'aunin mil na teku da abin auna kusurwa. Na uku taswirar jirage ta takarda. Wayarka ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba, kuma faifan nan yana son hannu ya saba da shi makonni kafin ranar. Ka tambayi makaranta wane iri ake yarda a shiga da shi kafin ka saya. Game da taswira, a mai ma'aunin ɗaya bisa 500,000, santimita ɗaya kilomita biyar ce. Idan ka kai ta shagon hoto aka rage ta ko aka faɗaɗa domin ta shiga takarda, rularka ta daina faɗar gaskiya, duk nisan da ka auna zai fito ba daidai ba, daga nan lokaci da mai su bi shi. Maganin shi ne ka auna nisa a jikin layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa a taswirar kanta, domin kowane minti ɗaya a kansa mil ɗaya ne na teku, wato kilomita 1.852.

Ka riƙa ƙirƙira wa kanka lissafi da wuraren da ka sani, zai fi zauna maka. Ɗauki tafiya daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Kano. Hanyar ta nufi kudu maso gabas, a ce digiri 140. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, a ce daga digiri 50 da gudun mil 20 a awa, jirginka kuma yana yin 100. Iskar tana dukan ka daga hagu kai tsaye, za ta tura ka dama da kimanin digiri 12, don haka hancin jirgi sai ya kalli wajen 128 kafin ka bi layin da ka zana. Ka yi shi da ka, sannan ka yi shi da faifai, ka ga ko sun haɗu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gyarawa ta ɓangaren da bai dace ba, a ƙara 12 maimakon a rage, saboda an manta cewa rahoto yana faɗin inda iska ta fito ne. Na biyu shi ne haɗa arewa ta taswira da arewa ta kamfas a lissafi ɗaya ba tare da an mayar da ɗaya zuwa ɗaya ba.

Ga wani kuma da ya shafi garinku kai tsaye. Filin jirgin Katsina yana kusan ƙafa 1,700 sama da teku. A ma'aunin asali, zafi a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa dubu, wato a tsayin Katsina ana sa ran kusan digiri 12. Da rana a watan Afrilu kuwa ana kai 40. Bambancin digiri 28 ke nan, kowane digiri kuma yana ƙara kimanin ƙafa 120. Sai ka ga injin da fiffike suna aiki kamar suna ƙafa 5,000 alhali taya na ƙasa. Jirgin zai ci titi mai tsawo kafin ya tashi, saurin hawansa kuma ya ragu. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai amsa tambayar ko ta wace fuska aka juyo ta. Haka lissafin mai: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Galan 40 na farkon lita 151 ne, na biyun 182. Tazarar lita 30 da ɗoriya kusan man awa guda ne a ƙaramin jirgin koyo. Litar man ƙananan jirage, mai launin shuɗi, nauyinta kusan kilo 0.72 ne, Jet A-1 kuwa, man jirgi dangin kananzir, kusan 0.8. Shi ya sa muka ce ka tambayi irin jirgin. Cessna 172 na da yana da kabureta, Diamond DA40 mai injin dizal kuwa Jet A-1 yake sha kuma ba shi da ita. Da zarar ka san jirgin, ka nemi littafin jagorarsa, domin jadawalin nisan tashi da na lodi da za ka yi aiki da su suna ciki.

A fannin yanayi, littafin Turai zai cika ka da labarin ƙanƙara da haɗuwar iska mai sanyi da mai ɗumi. Ka karanta, ana tambaya. Amma abin da zai hana ka tashi a Arewa hazon hunturu ne, wanda ke iya rage gani zuwa ƙasa da kilomita guda, da kuma jerin hadari masu tsawa da ke tasowa daga gabas a farkon damina da ƙarshenta, da guguwa a gabansu. Ka nemi bayani a kan layin da busasshiyar iskar Sahara ke haɗuwa da mai laima ta teku, yadda yake hawa arewa da damina ya koma kudu da rani. Kada kuma zafin ƙasarmu ya sa ka raina ƙanƙarar kabureta, tana iya kamawa ko da zafin waje ya haura digiri 30 idan akwai laima, domin iska na yin sanyi sosai a maƙogwaron kaburetar. Hanya mafi arha ta koyon rahoton yanayi ita ce kullum da safe ka buɗe na Kano, mai lamba DNKN, ka warware shi a takarda, sannan ka leƙa waje. HZ hazo ne, DU ƙura, TS hadari mai tsawa. Lokacin da ke jikin rahoton na duniya ne, sai ka ƙara awa ɗaya ka sami agogon Najeriya.

Sai maganar abokin da ya ce ka haddace tambayoyi. Kundin tambayoyi yana da amfani, amma a ƙarshen kowace sura, don ya nuna maka inda ba ka gane ba. FAA ta daina wallafa ainihin tambayoyinta, kuma sauya lamba ɗaya a tambayar lissafi ya isa ya kayar da mai hadda. Ko ya tsallake rubutacciya, mai gwajin tuƙi zai zaunar da shi ya yi masa tambayoyi da baki, daga baya kuma akwai ranar da zai kasance shi kaɗai a sama da rayukan mutane a bayansa. Kundin da ya cancanci kuɗinka shi ne wanda aka yi don hukumar da ka zaɓa, yake bayyana dalilin kowace amsa, kuma yake nuna ranar da aka sabunta shi. Kada ka biya kuɗin shekara tun yanzu, wata biyu ko uku kafin jarrabawa sun isa. Duk wanda ya ce yana da tambayoyin da za su fito ka tura masa kuɗi, ka rufe maganar. Ka ware littafin rubutu na kurakurai: duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta dalilin, ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko ruɗewar ma'auni, ko kalmar korewa ce a cikin tambayar ba ka lura da ita ba. Kada ka nemi ranar jarrabawa sai ka yi gwaji uku a jere da agogo a gabanka, ba leƙen littafi, kana samun 85 zuwa sama.

Darussan bidiyo na Amurka, irin na Sporty's ko King Schools, an tsara su da kyau, kuma ga mai zuwa Amurka suna da ƙarin amfani, tunda FAA tana buƙatar shaidar malami ko ta kammala irin wannan kwas kafin ta bar ka ka zauna jarrabawa. Ga mai zuwa Zariya, kaso mai yawa na dalar zai tafi ne a kan dokokin da ba za a tambaye shi ba. Ka bar su sai an yanke shawara.

Turanci kuma kada ka ɗauke shi da wasa don kana da digiri. Ana buƙatar matuƙi ya kai mataki na huɗu cikin shida a ma'aunin ICAO, kuma maganar rediyo tana da nata kalmomi da jerinsu. Hukumar Ingila tana ba da littafinta na maganar rediyo, CAP 413, kyauta. Ka riƙa karanta misalan da ƙarfi, wani ƙaninka ya zama jami'in hasumiyar filin jirgi kai kana amsawa. A sauran fannoni kuma, idan ka gama sura ka rufe littafin ka bayyana wa wani a gida da Hausa. Inda ka kakare, nan za ka koma.

Game da tsarin lokaci, awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kwana shida a mako, ta fi zaman dare ɗaya mai tsawo. Ka fara da ƙa'idojin tashi da jikin jirgi, sannan yanayi, sannan sanin hanya da lissafin ƙarfi da lodi, waɗanda su za su fi cin lokacinka. Doka ka riƙa ɗaukar ta kaɗan-kaɗan, shafi biyu ko uku a rana, bayan an tsayar da ƙasar da za ka. Surorin da ke da jadawali da zane ka buga su a takarda, domin bin layin jadawali a fuskar waya yana jawo kuskure, ga kuma matsalar wuta. Ko kana jin ka shirya, kada ka yi saurin zama jarrabawar tun kuɗin tuƙi ba su haɗu ba, saboda sakamakon yana da wa'adi, idan ya ƙare kafin gwajin tuƙi sai ka sake biya ka sake zama.